Raspberry Pi: Kwamfutar da Aka Ƙera Don Yaro Ya Taɓa Ba Tare da Fargaba ba

Da ƙarfe shida na safe agogon Ingila, ranar 29 ga Fabrairu, 2012, aka buɗe cinikin wata 'yar kwamfuta mai suna Raspberry Pi a kan dala 35. Kafin hantsi, shafukan intanet na kamfanoni biyun da aka ba dillancinta, RS Components da Premier Farnell, sun durƙushe saboda turmutsutsun masu saye. Abin da ake rububi a kansa kuwa bai wuce faɗin katin ATM ba. Falle ne kore, tsirara, babu akwati, babu caja, babu maɓallin kunnawa, balle a yi zancen allon kallo ko kibod. Guda dubu goma aka fara ƙerawa a ƙasar Sin, su ma sai da suka makara, domin masana'antar ta liƙa musu ramin kebul ɗin intanet da ba shi aka ce ta sa ba, dole aka ɓamɓare aka sake.

Tunanin ya faro ne a Jami'ar Cambridge wajen shekarar 2006. Eben Upton da abokan aikinsa sun lura cewa masu neman gurbin karatun kimiyyar kwamfuta suna raguwa, waɗanda ke zuwa kuma hannunsu bai faɗa ba kamar na 'yan baya. Yaran shekarun 1980 a Birtaniya sun tashi da injuna irin su BBC Micro, wadda da an kunna ta sai ta tsaya tana jiran a rubuta mata umarni. Yaran 2000 kuwa sun tashi da kwamfutar gida mai tsada, wadda uba ke ajiye lissafin kuɗinsa a ciki, aka hana kowa yi mata karambani. Maganin da su Upton suka hango shi ne inji mai arha ƙwarai, wanda idan yaro ya ƙona shi ba za a yi kwanan baƙin ciki a gida ba. Suka kafa gidauniya, tare da mutane irin su David Braben, mai wasan kwamfutar nan Elite, da Pete Lomas, injiniyan da ya zana allon. Sunayen samfuran farko ma, Model A da Model B, daga BBC Micro aka aro su.

Sun yi zaton 'yan dubbai za su sayar. Manya ne suka fara wawashe kayan, ba yara ba: injiniyoyi, malamai, 'yan fansho masu sha'awar rediyo da wayoyi, da duk wanda ke da kusurwar tebur da haƙurin zama.

Haƙurin kuwa ana bukatarsa. Injin farko yana da ƙwaƙwalwa guda ɗaya mai gudun megahaz 700 da memori megabayit 256, wanda aka ninka zuwa 512 a Oktoban wannan shekarar. Ba shi da ma'ajiya tasa ta ciki, komai a katin SD yake, babba irin na kyamara. Kafin ya yi ko motsi, sai mai shi ya sauko da babbar manhajar daga intanet a wata kwamfutar, ya rubuta ta a katin. A nan ne da yawa suka fara tuntuɓe. Mutum zai jawo fayil ɗin ya jefa cikin kati kamar yadda ake jefa hoto ko waƙa, ya soka a inji, ya jona wuta, jar fitila ta kama, allo kuma ya tsaya baƙi ƙirin. Ba haka ake yi ba. Sai an shimfiɗa fayil ɗin a kan katin gaba ɗayansa, da manhaja irin Win32DiskImager ga masu Windows, ko da umarnin dd ga masu Linux. Shi dd ba ya tambaya, ba ya gargaɗi. Wanda ya kuskure harafi ɗaya wajen rubuta sunan ma'ajiya zai iya share babbar kwamfutarsa fes, da hotunan biki da takardun aiki, cikin 'yan daƙiƙoƙi.

Idan an tsallake wannan, sai wuta. Duk wanda ya daɗe da wannan injin zai shaida cewa yawancin abin da ake ɗora wa manhaja laifinsa, na caja ne ko na wayarta. An zaɓi ramin micro USB ne don kowa yana da tsohuwar cajar waya a gida, dabara mai kyau a takarda. Sai dai waya tana da batir, idan caja ta yi rauni ba abin da zai faru illa ta daɗe ba ta cika ba. Raspberry Pi ba ta da batir, tana son bolt biyar tsayayye kowane lokaci. Caja mai arha da aka rubuta mata amfiya ɗaya a jiki takan sunkuya da zarar an ɗora mata kaya, siririyar waya kuma ta ci wani abu a hanya. Alamomin suna da ban haushi domin ba sa nuna inda ciwon yake: kibod ya riƙa maimaita harafi ɗaya, intanet ya yanke ya dawo, inji ya sake tashi da kansa da an soka masa filashi. A kan allon farko akwai wasu 'yan ɗigo biyu masu suna TP1 da TP2. Masu sha'awar abin suka koyi ɗora bakin mita a kansu, idan awo ya faɗo ƙasa da bolt 4.75, an kama ɓarawo. Mutane da dama a nan suka fara riƙe mitar wuta a rayuwarsu, ba don sun yi niyya ba.

Ramukan USB guda biyu na zubin farko suna da nasu ƙananan fis da ke taƙaita wutar da za su bayar, har wani kibod mai fitilu ko 'yar na'urar kamo Wi-Fi su fi ƙarfinsu. Wasu suka riƙa ɗinke fis ɗin da dalma, wasu suka sayi mahaɗar USB mai wutarta daban, wadda wani lokaci ta fi kwamfutar tsada. A zubi na biyu aka cire su. Akwai kuma wani kafasito da ke tsaye dab da ramin caja, daidai inda babban yatsa ke dafawa in za a zare waya. Da yawa sun ɓalle shi, suka firgita, daga baya suka ga injin yana ci gaba da aiki.

Allon kallo ma da rigimarsa. Idan aka kunna injin kafin talabijin, sai ya ɗauka babu HDMI, ya karkata hoton zuwa ramin nan mai ruwan ɗorawa na tsofaffin talabijin. Maganin yana cikin wani ɗan fayil mai suna config.txt, wanda ake iya buɗewa a kowace kwamfuta idan an zaro katin. A rubuta hdmi_force_hotplug=1, hoto ya fito. Idan baƙin gefe ya kewaye hoton, a sa disable_overscan=1. Bayan an shiga ciki kuma sai mutum ya danna alamar @ ya ga alamar zance ta fito, domin an saita injin a kan kibod ɗin Birtaniya, alhali yawancin na kasuwa tsarin Amurka ne.

Injin da ya ƙi tashi ba shi da bakin magana sai koriyar fitila. Idan ba ta ƙifta ko sau ɗaya ba, bai iya karanta katin ba ke nan. Idan ta ƙifta sau bakwai ta huta ta maimaita, ta nemi zuciyar babbar manhajar ba ta samu ba. Ƙirga ƙiftawar fitila ya zama wani ƙaramin ilimi da ake koya wa sabon shiga.

Wani zai ce ai duk wannan wahala ce kawai, kuma da gaskiyarsa. Amma idan aka duba abin da masu ƙirar suka fito nema, wahalar ta yi musu aiki fiye da darussan da aka tsara. Wanda ya yi dare yana fama da allo baƙi ya wayi gari ya san bambancin bolt da amfiya, ya san cewa kati ɗaya yana iya kasuwa gida biyu, Windows ta ga ɗaya ta kasa ganin ɗayan, ya san yadda kwamfuta ke tashi mataki-mataki. Kuma bai ji tsoron gwadawa ba, tunda mafi munin abin da zai faru da manhaja shi ne a zaro kati a sake rubuta shi. Ko da ya kuskure ya tura bolt biyar cikin alluran jona wayoyi na GPIO, waɗanda 3.3 kawai suke jurewa, ya kashe injin murus, asarar dala 35 ce.

Daga nan aka shiga sharar hanya. Tun Satumban 2012 aka mayar da yawancin ƙirar zuwa masana'antar Sony da ke Pencoed a Wales. A 2013 aka fito da NOOBS, wanda ya sa jefa fayiloli cikin kati ya wadatar. Model B+ na Yulin 2014 ya zo da ramukan USB huɗu, da ƙaramin kati microSD, da allurai 40 maimakon 26, ya kuma fara tona asirin caja da kansa: idan wuta ta yi ƙasa sai wani ɗan murabba'i mai launin bakan gizo ya bayyana a kusurwar allo, wanda daga baya aka mayar da shi alamar walƙiya. Raspberry Pi 3 ta 2016 ta zo da Wi-Fi da Bluetooth a jikinta, aka huta da farautar 'yar na'urar da za ta dace. A Nuwamban 2015 kuwa an yi abin da ya ba mutane mamaki, aka fitar da Pi Zero a kan dala 5, har aka manna ta kyauta a bangon mujallar The MagPi. Wata guda bayan haka wasu injunan Raspberry Pi guda biyu suka isa tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, inda ɗan sama jannati Tim Peake ya riƙa gudanar da manhajojin da 'yan makaranta suka rubuta.

Kowane sabon zubi dai yakan zo da tasa matsalar. Wadda aka fi yi wa dariya ita ce ta Raspberry Pi 2 a Fabrairun 2015. Wani ya je ɗaukar hoton sabon injinsa, hasken kyamara na walƙawa sai injin ya mutu. Ya sake, ya sake mutuwa. Da aka bincika, ashe wani ɗan guntu mai kula da wuta ne aka bari babu rufi, hasken filas mai ƙarfi yana rikita shi. Maganin da aka bayar shi ne a manna masa ɗan ƙullin danƙo a kai, ko a sa injin a akwati.

Ta Raspberry Pi 4 a 2019 ba ta kai wannan ban dariya ba. An koma ramin USB-C, amma wajen zana allon an sa rizisto ɗaya a inda ƙa'ida ta ce biyu. Wayar caja mai arha ba ta damu ba, tana ba da wuta. Waya mai tsada mai ɗan guntun tantancewa a ciki, irin ta manyan laftof, sai ta ɗauki injin a matsayin na'urar sauti, ta hana shi wuta. Shekara bakwai ana yi wa mutane wa'azin su guji waya mai arha, sai ga ranar da mai arhar ce ke aiki. An gyara a zubi na gaba. Wannan injin ne kuma ya shigo da zancen zafi sosai: da ya doshi digiri 80 sai ya rage gudu don ya tsira, mutane suka koyi umarnin vcgencmd measure_temp, kasuwar ƙananan fankoki da ƙarafan shan zafi ta buɗe.

Akwai canjin da ba a gani a jikin allo. Shekara goma cur kowace Raspberry Pi tana fitowa da sunan shiga pi da kalmar sirri raspberry, duniya duka ta sani. Muddin injin yana kan tebur ana koyon Python da shi, babu damuwa. Amma mutane sun riƙa jona shi da intanet suna mantawa da shi a bayan kabad, 'yan kutse kuma suna yawo suna gwada ƙofofi. A ƙarshen 2016 aka rufe hanyar shiga daga nesa ta SSH, sai wanda ya ajiye fayil marar komai mai suna ssh a katin za a buɗe masa. A 2018 wasu suka kutsa cibiyar JPL ta hukumar NASA ta kan wata Raspberry Pi da aka jona ba da izini ba, suka kwashi bayanai kimanin megabayit 500. A Afrilun 2022 aka soke sunan pi ɗin gaba ɗaya, a lokacin da ƙasashe, har da Birtaniya, ke shirya dokokin hana sayar da na'urori masu kalmar sirri ta bai ɗaya.

Yau saita injin bai fi aikin minti goma ba. Manhajar Raspberry Pi Imager, wadda ta fito a 2020, ita ke sauko da komai, ta tambayi sunan shiga, da Wi-Fi, da tsarin kibod, ta rubuta katin, ta duba ko ya rubutu daidai. Ana iya gama komai ba a jona allon kallo ko sau ɗaya ba. Wannan ci gaba ne na gaske, kuma wanda ke kewar zamanin dd wataƙila bai taɓa share ma'ajiyarsa da shi ba.

Sai dai matsalar ta sauya gida. Sabon shiga na yanzu ba ƙarancin bayani ke damunsa ba, tsohon bayani ne. Shekaru sama da goma na jagorori suna nan birjik, yawancinsu babu kwanan wata a inda ido zai gani. Zubin babbar manhajar mai suna Bookworm da ya fito a Oktoban 2023 ya kawar da abubuwa da dama daga mazauninsu. Fayil ɗin config.txt ya koma wani babban fayil daban. Tsohuwar dabarar ajiye wpa_supplicant.conf a kati don kamo Wi-Fi ta daina aiki, domin NetworkManager ya karɓi ragamar. Umarnin pip da aka saba girka kayan Python da shi kai tsaye yanzu yakan ƙi, sai an keɓe masa wuri. A kan Raspberry Pi 5 kuma tsohuwar manhajar RPi.GPIO, wadda dubban darussan kunna fitila suka dogara da ita, ba ta aiki, saboda an ɗauke kula da alluran an ba wani sabon guntu mai suna RP1 da kamfanin Raspberry Pi ya zana da kansa. Mutum zai bi umarni layi-layi, bai kuskure ko ɗigo ba, abu ya ƙi, ya zargi kansa ko ya zargi injin, alhali darasin ne ya tsufa. Irin wannan cikas ba ya koyar da komai game da wuta ko kwamfuta, ɓata lokaci ne zalla, shi ya sa ya fi na da cin rai.

Ga wanda ke amfani da injin a Kano ko Maraɗi, tsofaffin matsalolin ba su je ko'ina ba, sun ma fi tsanani. Katin SD ba ya son a ɗauke wuta yana tsakiyar rubutu, 'yan NEPA kuwa ba sa sallama. Sau ɗaya ya isa kati ya rikice, inji ya ƙi tashi. Masu dabara sukan sa batir a tsakani, ko su kunna tsarin da ke cikin raspi-config wanda ke mayar da katin na karatu kawai, ko su koma tayar da injin daga ma'ajiyar SSD. Katunan jabu da ke cika kasuwa, masu iƙirarin girman da ba su da shi, su ma suna kashe aiki shiru-shiru. Zafin watan Afrilu da ke haura digiri 40 a inuwa yana nufin fanka ba ado ba ce. Kuma kafin Pi 5 injin ba shi da agogo mai riƙe lokaci idan an kashe, don haka inda babu intanet yakan farka da kwanan watan da ya wuce. Duk da haka a irin waɗannan wuraren ne yake da wani amfani na musamman: da manhaja irin Kiwix ana iya zuba Wikipedia, har da ta Hausa, a kati ɗaya, injin ya riƙa watsa ta ta Wi-Fi ga wayoyin ɗalibai ba tare da an sayi data ba.

Babban sauyin dai na masu saye ne. Tsakanin 2021 da 2023, lokacin ƙarancin guntayen lantarki a duniya, Raspberry Pi ta yi ɓatan dabo a shaguna. 'Yan kasuwa suka riƙa sayar da ita ninki biyu ko uku, masu sha'awa suka koma gadin wani shafi mai suna rpilocator don jin inda kaya suka sauka. Kamfanin ya fito fili ya ce zai fifita masana'antu da ƙananan kamfanonin da kasuwancinsu ya rataya a kan injin. Hujjar tana da ƙarfi, tunda albashin mutane ne a ciki, amma ta bayyana wa kowa abin da ya riga ya faru: injin da aka yi don yara ya shige cikin allunan talla, da injunan masana'anta, da na'urorin awo. Lokacin da ɓangaren kasuwancin ya shiga kasuwar hannayen jari ta Landan a Yunin 2024, an riga an sayar da fiye da guda miliyan 60, kuma fiye da kashi biyu cikin uku na cinikin na masana'antu ne. Gidauniyar tana nan tana aikin ilimi da kuɗin da take samu daga kamfanin.

Raspberry Pi 5 ta fito a Oktoban 2023 a kan dala 60 mai memori gigabayit 4, da dala 80 mai gigabayit 8. A karo na farko babban allon ya samu maɓallin kunnawa da kashewa, da agogo, da hanyar jona ma'ajiya mai sauri. Tana iya zama kwamfutar ofis ba tare da kunya ba. Amma tana son caja ta musamman mai amfiya biyar, wadda ba kasafai ake samun irinta a cikin tarkacen gida ba. Idan aka ba ta mai amfiya uku za ta tashi, sai dai ta taƙaita wutar ramukan USB zuwa miliamfiya 600, ma'ajiyar waje ta riƙa yankewa, mai ita ya shiga zargin manhaja. Idan aka haɗa kuɗin caja, da fanka, da akwati, da kati, da wayar micro HDMI, jimillar takan kusanci kuɗin tsohuwar ƙaramar kwamfutar ofis ta hannu, lissafin da masu sha'awar abin da yawa suka fara yi a bayyane. Inji irin wannan ba a miƙa wa ɗan shekara goma a ce ya je ya yi ta soke-soken wayoyi.

Wannan gurbin ƙananan 'yan gidan ne suka gaje shi. Pico, wadda ta fito a Janairun 2021 a kan dala 4, ba ta ma da babbar manhaja: a danne maɓalli, a jona ta da kwamfuta, ta bayyana kamar filashi, a jefa mata fayil. Zero 2 W kuma, wadda ta fito a kan dala 15, cikakkiyar kwamfutar Linux ce da memori megabayit 512, da ramin micro USB, da katin da ke rikicewa in an zare wuta ba a kashe ta ba. Yawanci tana zuwa babu allurai a jiki, sai mai ita ya nemi dalma da ƙarfen liƙi ya dasa guda 40 ɗin da hannunsa kafin ya kunna fitilarsa ta farko.